Wa Ya San Tagwai Shekari?

Legas,
9 ga Janairu, 2005.

Baba,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, da Mama Rhoda da ciwon ƙafarta, da duk maƙwabta a Gonin Gora. Ni na iso lafiya, sai dai Legas ta yi mini maraba irin tata. Ban kwana biyu ba aka zare mini waya a cikin bas. Kada ka gaya wa Mama, don ta ce in riƙa sa ta cikin zani na yi mata dariya. Yanzu sai wasiƙa. Zan riƙa sakawa a jakar kamfani, kwana uku ta iso ma'aikatarmu ta Kudenda, Lydia ta ofishin wasiƙu ta kai maka har bakin inji.

Mu goma sha huɗu ne a kwas ɗin, kowa daga ofishin kula da ma'aikata na reshensa. Wata lauya ce ke koyar da mu, 'yar siririya, amma in ta yi magana har manajoji gyara zama suke yi. Ta ce tun da soja suka koma bariki, zamanin "haka muka saba yi" ya wuce. Sabuwar dokar fansho ta ce kowane ma'aikaci sai ya buɗe asusu da sunansa na kansa, kuma dole kamfani ya yi wa kowa inshorar rai. Kamfaninmu ya fito da fom. Za a manna hoto, a dangwala yatsa, a haɗa da katin shaida. A ƙasan kowane fom akwai inda jami'in ma'aikata zai sa hannu cewa wannan fuska ita ce mai wannan suna. A reshen Kudenda, ni ce zan sa hannun idan na dawo.

Baba, ka san inda na dosa.

A durowar ofishinmu akwai fayil ɗinka: Ɗanladi Bobai, mai sarrafa inji, tun 1981. A durowa ɗaya akwai nawa: Judith Ɗanladi Bobai, kuma a gurbin uba da hannuna na rubuta "marigayi" ranar da aka ɗauke ni aiki. Katin shaidar ɗan ƙasa da aka yi maka shekara biyu da suka wuce kuwa, Tagwai Shekari ne a jiki. Har yau ba wanda ya haɗa takardun nan uku a tebur ɗaya. Yanzu masu bincike za su zo daga Legas, kuma aikinsu ke nan.

Kowa a ma'aikata ya ɗauka ni 'yarka ce, ban taɓa gyara wa kowa ba, don ban ga abin gyarawa ba. Amma lauyar nan ta ce wanda ya tabbatar da sunan da ya san ba na mutum ba ne, kora ce mafi sauƙin abin da zai same shi. Kuma ko na rufe ido na sa hannu, in wani abu ya same ka, Allah ya kiyaye, takardar asibiti da ta coci Tagwai za su ce, inshora kuwa Ɗanladi ta sani. Mama Rhoda za ta tashi a tutar babu.

Ba zan iya sa hannu a kan abin da na san ba gaskiya ba ne, Baba. Kwana huɗu ina juya maganar nan kafin na rubuta ta. Kada ka cika fom ɗin in an raba. Ka dakata in bincika, in ji ko akwai mafita.

Ka gai da Mama. Ka ce ta rage tsayuwa a bakin titi.

'Yarka,
Judith.

*

Gonin Gora,
23 ga Janairu, 2005.

Judi 'yata,

Muna gaishe ki cikin sunan Yesu. Mu lafiya. Mamarki ƙafa ta yi sauƙi, ta koma gasa masara da doya a bakin titi, in na ce ta huta sai ta ce motocin Abuja ba sa hutawa. Maganar waya ban gaya mata ba. Ta gane da kanta da ta ga ina karanta takarda, ta ce "an sace, ko?" ta ci gaba da tankaɗe.

Na karanta wasiƙarki sau uku, Madam Ofis. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in gaya miki yadda abin ya faro, don kin san ƙarshensa ne kawai.

A 1981 na zo Kaduna da riga biyu. Kamfanin roba yana ɗiban mutane, amma sai mai takardar gama firamare. Ni aji uku na yi aka mayar da ni kiwon awaki. Karatun da nake rubuta miki da shi, a ajin coci na koya. Babanki Ɗanladi, jikan wan kakana, ya riga ya sami aiki a jirgin ƙasa, takardarsa tana kwance a akwati. Shi ya ciro ta da kansa ya ce, "Tagwai, takarda ba ta cin tuwo, je ka ci da ita." Ba mu kaɗai ba ne. A lokacin rabin mutanen da ke layi da mu sunan wa ko na kawu suke amsawa. Akawun da ke rubuta sunaye ma ya sani, ya dube ni ya dubi takardar ya ce, "Ɗanladi, ko?" na ce i. Na ɗauka wata shida zan yi in gyara.

Ranar farko fomon, wato shugaban leburori, ya kira Ɗanladi sau uku ina tsaye kamar itace, sai da na kusa da ni ya zungure ni. Daga nan na koya. Da safe in na wuce get ni Ɗanladi ne, da yamma in na fito Tagwai ya karɓe ni mu tafi gida. Babanki in mun haɗu sai ya ce, "Yaya ni a wurin aiki? Ina fata ba na latti."

Da ya rasu a 1988, kina 'yar shekara tara, na je na binne shi ranar Asabar, ranar Litinin na sa hannu da sunansa a rajista. Ba zan gaya miki yadda alƙalamin ya yi nauyi ba. Na so in je in faɗi gaskiya a makon. Amma mahaifiyarki ta riga shi tafiya, ga ki zaune a ɗakinmu da ƙullin kayanki, kuma in na faɗa korata za a yi. Sai na ce a raina, shi ya ba ni sunan in ci abinci, to bari sunan ya ciyar da 'yarsa. Tun daga nan ban taɓa latti ba. Ban taɓa karɓar takardar gargaɗi ba. Na ce ba za a rubuta wani abu mara kyau a ƙarƙashin sunan mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa.

Kin ce ba za ki sa hannu a kan abin da ba gaskiya ba. Daidai ne. Ni na koya miki haka, da bulala ma wani lokaci. Amma ba zan ɓoye miki ba, layin ya soke ni. Shekara ashirin da uku ina tsaye gaban injin nan, ga tabon narkakkiyar roba a hannuna, in ya canza kuka ina ganewa kafin injiniya ya gane. Wannan dai ni na yi shi, ba ƙarya ba ne. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, ban taɓa zaton a gaban 'yata zanen zai kwance ba.

Zan dakata kamar yadda kika ce. Fom bai iso ba tukuna. Ki rubuto da wuri ki gaya mini abin da zan yi, ko da mai ɗaci ne. Abu ɗaya nake roƙo, kada abin nan ya taɓa aikinki.

Mamarki ta ce ki ci abinci, kada ki dawo mata kamar tsinken tsire.

Babanki.

*

Legas,
7 ga Fabrairu, 2005.

Babana,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, kuma yau tun da na zo garin nan na fara cin abinci da daɗi.

Kafin komai, ka yafe mini. Na karanta taka a bakin gado na yi kuka har abokiyar ɗakina ta ɗauka mutuwa aka yi. Ba kai na kira ƙarya ba, Baba. Takardar nake nufi. Tsoro ne ya sa na rubuta maka kamar ina rubuta wa manaja. Ban taɓa sanin ka sa hannu da sunansa kwana biyu bayan ka binne shi ba.

Yanzu ga albishir. Na tari lauyar nan bayan aji, ban ambaci suna ba, na ce a ce wani dattijo ne a wani reshe. Ta yi dariya ta ce, "A ce dattijai arba'in ne." Ashe a kowane reshe akwai su. Kamfani ya ga in ya kori kowa, babu mai tayar da inji. Ranar Juma'a aka sa hannu a kan shawara: duk ma'aikacin da sunansa bai yi daidai da fayil ba, in ya fito da kansa kafin ƙarshen Maris, za a gyara masa suna kuma shekarunsa na aiki suna nan daram. Ba kora, ba hukunci. Ba za a manna sanarwar a allo ba, don ba sa so a yi ta yamaɗiɗi. Jami'an ma'aikata ne za su gaya wa waɗanda abin ya shafa a hankali, kuma a Kudenda sai na dawo za a fara. Amma kai ka fara shiri tun yanzu.

Ka je kotu ka yi takardar rantsuwa cewa kai ne Tagwai Shekari, kuma kai ne aka sani a wurin aiki da Ɗanladi Bobai. Ka sa a buga sanarwa a jarida. Ka karɓo wasiƙa daga Fasto. Ka ajiye su, ina dawowa ranar ashirin da shida ga Maris, mu shiga ofishin manaja tare. Sharaɗin ɗaya ne, na ja masa layi: sai wanda yake bakin aiki. Kada ka yi fashi, kada ka yi faɗa da kowa, ka zauna daram a kan injinka.

Gobe za a tura mu reshen Ibadan mu koyi aikin a aikace, sai tsakiyar Maris za mu dawo Legas. In ka ji ni shiru, dalilin ke nan.

Ka dubi bayan ambulan ɗin nan da kyau. Tun ina makarantar kwana nake rubuta maka "Ɗanladi Bobai" a bayan wasiƙa. Yau na roƙi sakatariya ta ba ni na'urarta da ambulan na babban ofis, mai tambari, na buga TAGWAI SHEKARI da manyan baƙaƙe. Ina so wasiƙar farko da za ta zo maka da sunanka ta zama daga hannuna. Ina ma ina wurin in ga fuskarka.

'Yarka har abada,
Judi.

*

Gonin Gora,
27 ga Fabrairu, 2005.

Judith,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna nan lafiya, sai dai mamarki ta ce na rame, ni kuwa na ce wandon ne ya buɗe.

Yau mako biyar ke nan da na rubuta miki, ban ji komai ba. Duk sanda Lydia ta shigo da jakar wasiƙu sai in rage ƙarar inji in jira, ta ɗaga mini hannu ta wuce. Wata rana ta ce, "Baba Ɗanladi, 'yar Legas ta manta da mu." Na ce karatu ne ya yi mata yawa.

An raba fom ranar Litinin. Kowa ya tafi ɗaukar hoto, har da masu aron kwat. Nawa yana cikin Littafi Mai Tsarki, ban taɓa shi ba, kamar yadda kika ce. Fomon ya tambaye ni sau biyu. Na ce ina jiran tabarau.

Abin da ya sa nake rubuto miki ta gidan waya ba ta jakar kamfani ba shi ne wannan. Ranar Laraba muna cin abincin rana a kantin ma'aikata, Lydia ta shigo da wani farin ambulan mai tambarin babban ofis, an buga suna da na'ura. Ta ɗaga shi sama ta ce, "Jama'a, wa ya san Tagwai Shekari? Mako biyu takardarsa tana tebur ɗina, daga Legas." Judi, na ajiye cokalina. Shekara ashirin da uku ba a taɓa furta sunan nan a cikin katangar ma'aikata ba. Wani ya ce ko cikin masu gadi ne. Wani ya ce ko ɗan kwangila ne. Har ta zo kusa da ni ta ce, "Baba, kai da ka daɗe, ka taɓa jin sa?" Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na sunkuyar da kai a kan wakena, na ce ban taɓa ji ba.

Sun gano ke nan. Ban san ta yaya ba, ko ta katin shaida ne. Na san abin da ke cikin irin wannan ambulan, takardar tuhuma ce, kuma in sun kama igiyar suka ja, a kanki za ta ƙare. Yanzu na fahimci shirunki. Wataƙila an riga an kira ki an tambaye ki. Wataƙila kuma kunya ce ta hana ki, ba zan ga laifinki ba. Na sake ɗauko wasiƙarki ta farko na karanta layin nan. Shiru ma magana ce.

In kina da abin faɗa, ki faɗa da sauri.

Babanki.

*

Kakau,
13 ga Maris, 2005.

Judith 'yata,

Ina gaishe ki. Ki lura da inda na rubuto. Lafiya lau muke, kada hankalinki ya tashi.

Na ajiye aiki.

Masu bincike sun iso ranar Litinin da ta wuce, su uku, suka sa aka kai musu durowar fayil gaba ɗaya ɗakin taro. Na ga durowar ana turawa ta gaban injina, na san naki da nawa suna ciki kafaɗa da kafaɗa. Na yi tunani, fayil ɗin wanda ya tafi ba a buɗe shi. Ranar Talata na rubuta layi uku na kai wa manaja. Na ce tsufa ne da ciwon baya. Ya ce, "Haba Ɗanladi, wa zai ji mana kukan inji lamba huɗu?" Ya roƙe ni in yi ko wata uku. Na ce a'a. Ya sa hannu yana girgiza kai.

Ya ce in dawo in cika takardun sallama don a ba ni haƙƙina. Ba zan koma ba. Duk abin da zan karɓa sai an sake tabbatar da sunan nan, kuma ke za a sa ki tabbatar. Ba zan kawo miki takardar da ba za ki iya sa wa hannu ba. Na bar musu.

Ranar Juma'a na share injin kamar yadda na saba, na zuba masa mai, na nuna wa wanda zai karɓa inda yake zafi in ya gaji. Abokan aiki sun haɗa mini 'yar walima da lemo da biskit. Suka ba ni bokiti da kujera irin waɗanda muke yi, sun rubuta a jiki da fenti, "Baba Ɗanladi, ba ya latti." Lydia ta yi kuka. Na sa hannu a rajista na ƙarshe, na ce a raina, ɗan'uwa, ga sunanka na mayar maka, ban ɓata shi ba. Da na fito get sai na ji kamar na sake binne shi, wannan karon ni kaɗai a bakin kabari.

Mamarki ba ta yi mini magana ba kwana biyu. A na uku ta ɗaura ɗankwali ta ce, "Tashi mu je mu ga gonar." Kin san filin da muka saya a Kakau bayan mun ƙaura daga hayin kogi. Akwai ɗaki ɗaya, a nan nake kwana yanzu, ina sharar gona kafin ruwa ya sauka. Hannun da ya saba da maɓalli yana koyon fartanya, har ya fara yin kanta.

In kin dawo, ki shiga ofishinki da kai a sama. In an tambaye ki, ki ce wani ɗan'uwa ne na nesa da ya riƙe ki, ba ki san takardunsa ba. Ai gaskiya ce. A takarda kaɗai nake ubanki, yanzu kuma an rufe takardar.

Ba sai kin amsa ba in amsar tana yi miki wuya.

Ni ne.

*

Legas,
22 ga Maris, 2005.

Baba, Baba, Baba,

Ban san yadda zan gaishe ka ba. Ba ni da lafiya, ba zan yi maka ƙarya ba.

An ƙara mana mako a Ibadan, ranar Asabar muka dawo. Mai gadin masauki ya miƙo mini wasiƙunka biyu. Ranar Litinin a ofis aka miƙo mini ta uku, farin ambulan mai tambari, Lydia ta rubuta a gefe da jan biro, "Ba a san shi a nan ba." Ga shi nan na sako maka cikin wannan, ban buɗe ba. Ka buɗe da kanka.

Ni ce, Baba. Ni na buga sunan. Ba tuhuma ba ce, babu wanda ya gano komai. Hanyar fita ce na aiko maka, na ce bari in yi mata ado da sunanka don ka ji daɗi. Ni da na fi kowa sanin ba mai Tagwai a Kudenda. Ni da ke riƙe da rajistar. Da na rubuta abin da na saba rubutawa tun ina aji ɗaya, da kwana uku ta iso hannunka. Ina Ibadan ina ta murna, ina cewa yanzu Baba yana kotu, yanzu yana wurin Fasto, ashe kana kantin abinci kana cewa ba ka taɓa jin sunanka ba.

Jiya na shiga wurin lauyar, wannan karon na faɗi suna, naka da nawa. Na durƙusa mata a kan kafet. Ta tashe ni, ta kira shugaban sashe, suka duba. Sun ce gyaran na wanda yake bakin aiki ne. Takardarka ta ajiye aiki ta riga ta iso Legas, an karɓa, an cire Ɗanladi Bobai daga jerin da aka miƙa wa kamfanin fansho da na inshora. Ba a gyara sunan wanda ya fita. In aka buɗe maganar yanzu, ba rangwame za ta zama ba, ƙara za ta zama. Na ce mutumin shekara ashirin da uku ya yi. Shugaban ya ce, "A takarda, Tagwai Shekari bai taɓa yin kwana ɗaya a kamfanin nan ba." Bai faɗa da mugunta ba. Ya ma ba ni hankici.

Abin da kawai suka ce za su iya shi ne a ɗauke ka sabo, da sunanka, a matsayin ɗan wucin gadi, a fara ƙirga daga rana ta ɗaya. Na ji kunyar rubuta maka wannan, amma ba zan sake yanke maka hukunci a kan abin da ya kamata ka sani ba. Ni kuwa ba su taɓa aikina ba. Sun ce na yi daidai da na faɗa. Ban taɓa ƙin jin yabo irin na jiya ba.

Kuma kada ka ƙara rubuta mini cewa a takarda kaɗai kake ubana. Takarda ce ta goya ni zuwa asibiti lokacin da na yi ƙyanda? Takarda ce ta sayar da kekenta don in shiga sakandare? In kana so ka hukunta ni, ka nemi wata hanya, wannan ba zan iya ɗauka ba.

Ina zuwa ranar Asabar. Daga tasha Kakau zan wuce. Na ba wa direban motar kamfani wannan hannu da hannu, ya san gidan Mama.

Ka yafe mini.
Judi.

*

Kakau,
24 ga Maris, 2005.

Judi 'yata,

Ina gaishe ki cikin sunan wanda ya sha wuya dominmu, ga mu cikin makonsa. Lafiya nake. Mamarki ta kawo mini saƙonki da kanta, ta rufe gashin masara da rana tsaka, abin da ko ranar da aka yi gobara a layinmu ba ta yi ba. Direban zai juya gobe, ya ce zai same ki kafin ki hau mota. Ina so ki karanta wannan a hanya, don kada ki iso mini da kumburarrun idanu.

Na buɗe ambulan ɗin a gindin mangwaro. Na karanta har inda kika ja layi, "sai wanda yake bakin aiki." Na ajiye, na ɗauki fartanya na yi kunya biyu, na dawo na ƙarasa. Mamarki ta ce in karanta mata. Da na kai ƙarshe ta ce, "Kai da 'yarka duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Kowa yana gudun kada ya ɓata wa ɗaya." Sai ta juya baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Ba ni da abin yafe miki. Takardar ta zo har gabana, tsawon hannu ɗaya tsakaninmu, aka tambaye ni, na ce ban san shi ba. Ke kin kira ni da sunana, ni ne ban amsa ba. Ba zan ce abin bai yi mini ciwo ba. Yana yi. Da safe in na ji jiniyar Kudenda a cikin kaina, sai in tarar na riga na sa takalmi ɗaya. Ina kewar lamba huɗu kamar mutum.

Ki gode wa shugabanki, amma ba zan koma ɗan wucin gadi ba. Ba girman kai ba ne. In na shiga get ɗin nan kowa Baba Ɗanladi zai kira ni, kuma na riga na mayar wa mai shi. Bari ya huta.

Layin da kika ce kada in ƙara rubutawa, na janye shi. Ɓacin rai ne. Ki zo da takalmin gona, akwai aiki, Madam Ofis.

Ambulan ɗin yana cikin Littafi Mai Tsarki, inda fom ɗin yake a dā. Na daɗe ina kallonsa. Sunan ya yi kyau da manyan baƙaƙe, ban taɓa ganinsa haka ba. Yanzu da na zo rufe wasiƙar nan na ce bari in sa hannu da shi, sai hannun ya tafi da kansa ya fara rubuta Ɗanladi. Kin ga inda na goge. Sai da na ɗauko ambulan ɗinki na ajiye a gaba, ina dubawa harafi bayan harafi, kafin na iya.

Babanki,
Tagwai Shekari.